Idan na koma wata ƙasa da zama, wa zan biya haraji?

Tambaya: "Ina aiki ta intanet, kamfanin da ke biyana albashi yana wata ƙasa dabam. Ina da gida guda da na ba da haya a ƙasar da nake zaune yanzu, ban da wanda muke ciki. Ina shirin komawa Dubai ko Fotugal da zama, maiɗakina da yara za su biyo ni bayan shekara guda saboda makaranta. Wani abokina ya ce muddin ban cika kwana 183 a ƙasa ɗaya ba, babu gwamnatin da za ta nemi haraji a wurina. Haka ne? Kuma wacce ƙasar ta fi?"

Malam, abokinka rabin zancen ya ji. Gaskiya ne kwana 183 yana cikin dokokin ƙasashe da yawa, amma aikinsa shi ne shigar da mutum cikin lissafi. Wanda ya cika waɗannan kwanaki a ƙasa, galibi ya zama mazauninta ta fuskar haraji, ko yana so ko ba ya so. Wanda bai cika ba kuwa, ba shi ke nan ya kuɓuta ba, domin hukumar haraji tana da wasu hanyoyin da za ta bi ta ce har yanzu kai nata ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tambayarka shi ne cewa iyali za su biyo ka bayan shekara guda. A nan gizo ke saƙar.

Akwai abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa. Fasfo yana nuna ƙasar da kake ɗanta. Takardar izinin zama, hukumar shige da fice ce ke ba da ita. Matsayinka a wurin hukumar haraji kuma shi ke nuna wace ƙasa ke ɗaukar ka mazauninta, har take da ikon karɓar rabonta daga duk abin da ka samu a ko'ina cikin duniya. Ofisoshi dabam ne, dokoki dabam, kuma hukuncin ɗaya ba ya ɗaure ɗaya. Mutum na iya riƙe bizar zama ta shekara 10 ta Dubai, amma ƙasar da ya baro tana ci gaba da lissafa shi cikin masu biyanta haraji, doka kuma tana bayanta. Masu tallar biza ba su cika faɗin wannan ba, tun da takardar suke sayarwa, kuma ina jin zafin yadda mutanen kirki ke zuba kuɗin guminsu a kan alkawarin da takardar ba ta ɗauka ba.

Tun da ba ka ambaci ƙasar da kake zaune ba, bari in ɗauki Birtaniya misali, don ita ta rubuta ƙa'idarta dalla-dalla tun watan Afrilun 2013. Shekarar harajinta tana farawa ran 6 ga Afrilu ta ƙare ran 5 ga Afrilun baɗi, kuma ana ƙirga maka rana ne idan sha biyun dare ta same ka a cikin ƙasar. Ga wanda ya bar ta kwanan nan, alaƙa biyar ake dubawa: iyalinsa na can ko ba sa can, yana da gidan da ke buɗe gare shi kuma ya kwana a ciki, ya yi aiki a can kwana 40 ko fiye, ya wuce kwana 90 a ɗaya daga shekaru biyun baya, sannan ko a can ya fi kwana fiye da kowace ƙasa. To, auna kanka. Maiɗakinka da yara suna can, ɗaya ke nan. Gidan da suke ciki kana da mabuɗinsa, kana kwana idan ka zo, biyu. Bara a can ka yi dukan shekarar, uku. Mai alaƙa uku, kwana 46 kacal ya ishe shi ya zama mazauni. Ka zo hutun ƙarshen shekara, ka zo dogon hutun makaranta, ka ƙara mako guda saboda yaro ba shi da lafiya, ka cika 46 ba ka ankara ba. Akwai mafita: wanda ke cikakken aiki a waje, kimanin awa 35 a mako, bai kai kwana 91 a Birtaniya ba, kuma ranakun da ya yi aikin sama da awa uku a cikinta ba su kai 31 ba, ba a ɗaukar shi mazauni. Sai dai ka lura da sharaɗin nan na ƙarshe. Kai da kwamfutarka ce ofishinka, duk ranar da ka buɗe ta a falon gidanka ka yi awa huɗu kana aiki, an rubuta maka ɗaya.

Jamus ba ta ma jiran ƙirgen kwana. Muddin kana da masauki a hannunka, kana shiga duk lokacin da ka ga dama, kana kuma amfani da shi, to kana da mazauni a can, kuma kuɗin shigarka na duniya gaba ɗaya ya shiga lissafinta. Kanada gida take dubawa, da mata ko miji, da waɗanda kake ɗaukar nauyinsu. Sifaniya kuwa, idan matarka da ƙananan yaranka suna zaune a can, ɗauka take kai ma mazauni ne, sai ka kawo hujjar akasin haka.

Kada ka ɗauka ba a bincike. Shari'ar mawaƙiya Shakira ta isa misali. Ta ce a Bahamas take zaune daga 2012 zuwa 2014, masu gabatar da ƙara na Sifaniya suka ce a Barcelona ta yi fiye da rabin kowace shekara, suka ce harajin da ba ta biya ba ya kai yuro miliyan 14.5. Ba su tsaya kan hatimin fasfo ba. Sun bi diddigin inda aka yi amfani da katin banki, da zuwa asibiti, da wurin gyaran gashi, suna haɗa ranaku ɗaya bayan ɗaya. A watan Nuwamban 2023 ta amince da sasantawa, ta karɓi tarar sama da yuro miliyan 7. Mai ƙaramin ƙarfi ba za a kashe masa irin wannan lokacin ba, amma tambayoyin iri ɗaya ne: ina yaranka ke makaranta, ina likitanka, ina motarka, ina kake cefane, wane adireshi ka ba banki.

Yana yiwuwa ƙasashe biyu su yi iƙirarinka a shekara guda, kowace bisa dokarta, kuma kowace tana da gaskiya. A nan ne yarjejeniyar kauce wa biyan haraji sau biyu ke aiki, idan akwai ta tsakaninsu. Yawancin waɗannan yarjejeniyoyi sun bi samfurin OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, kuma sashe na 4 ya jera matakan raba gardama bi da bi. Da farko, ina kake da gida na dindindin? Idan kana da shi a duka biyun, sai a duba inda rayuwarka da dukiyarka suka fi karkata. Idan hakan bai raba ba, sai inda ka saba zama, sai ƙasar da kake ɗanta, a ƙarshe hukumomin biyu su zauna su sasanta. Kai da za ka kama haya a sabuwar ƙasa alhali gidanka na nan da iyali a ciki, a mataki na biyu za ka tsaya, kuma mata da 'ya'ya da gidan haya duk suna gefe guda na ma'aunin. A shekarar farko, mafi yawan zatona tsohuwar ƙasarka ce za ta yi nasara.

Idan kuma fasfon Amurka kake riƙe da shi, ko katin zamanta na dindindin, komawa wata ƙasa kaɗai ba ya fitar da kai daga lissafin Amurka. Amurka ɗan ƙasa take bi, ba mazauni kaɗai ba, kuma kotun ƙolinta ta tabbatar da hakan tun 1924. Eritiriya ma tana da wani abu mai kama da haka, da kashi 2 cikin ɗari da take karɓa daga 'yan ƙasarta na waje. Ba'amurke da ke zaune a Dubai dole ya cike takardar harajinsa kowace shekara. An ba shi sauƙi biyu. Yana iya cire albashin da ya samu a waje daga lissafi, har dala 126,500 a 2024 da dala 130,000 a 2025, idan ya yi cikakkun kwanaki 330 a waje cikin wata 12, ko ya nuna zamansa a can na haƙiƙa ne. Ko kuma ya cire harajin da ya biya wa wata ƙasa daga wanda Amurka ke bin sa. Sauƙin farko albashi da ladan aiki kawai ya shafa, bai shafi kuɗin haya ko ribar hannun jari ba, kuma mai aikin kansa bai tsira daga harajin fansho da lafiya na kashi 15.3 cikin ɗari ba sai in akwai yarjejeniya ta musamman da ƙasar da yake. Ga kuma rahoton FBAR: idan jimillar kuɗin da ke asusunka na waje ta wuce dala 10,000 ko da rana ɗaya ce a shekara, dole ka sanar, ko da ba a bin ka ko sisi. Tarar rashin sanarwa ta kan fi harajin zafi. Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya, da aka haifa a New York kuma ya bar Amurka tun yana yaro, sai da hukumar harajinta ta bi shi kan ribar gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya ajiye zama ɗan ƙasar a 2016.

Yanzu mu ɗauka komai ya tafi daidai, ka fita daga lissafin tsohuwar ƙasa. Gidan hayarka yana nan inda yake, kuma kusan ko'ina ƙasar da gini yake a cikinta ita ke fara karɓar haraji a kan hayarsa da kan ribar sayar da shi. Birtaniya ta kan sa dillalin gida ya cire kashi 20 cikin ɗari kafin ya tura wa mai gidan da ke waje, sai in an nemi izinin karɓar kuɗin cif. Amurka kashi 30 take cirewa daga hayar baƙo kafin a fitar da ko kuɗin gyara, sai in ya zaɓi a lissafa masa kan ribar da ta rage. Ga yadda ragin ke aiki. A ce ribar hayarka ta shekara yuro 10,000 ce, ƙasar da gidan yake ta karɓi 2,000. Idan sabuwar ƙasarka kashi 30 take karɓa, lissafinta 3,000 ne, za ta cire 2,000 ɗin da ka riga ka biya, ka cika mata 1,000. Idan sabuwar ƙasar ba ta karɓar komai, 2,000 ɗin nan ya tafi, babu mai mayar maka. Wato a ƙarshe mafi tsadan biyun kake biya.

Albashinka kuwa, ƙa'idar ita ce inda jikinka yake lokacin da kake aikin nan ne aka samo kuɗin, ba inda kamfani yake ko inda asusun yake ba. Mutane da yawa suna zaune a wata ƙasa suna aiki, suna cewa kuɗinsu "na waje" ne don daga waje ake turowa. A idon doka na cikin gida ne. Wannan ya shafi har ƙasashen da ba sa taɓa kuɗin waje, irin su Panama da Hong Kong: aikin da ka yi kana zaune a cikinsu nasu ne. Kuma ka yi magana da kamfaninka kafin ka sayi tikiti. Zamanka a wata ƙasa na iya tilasta masa yin rajistar biyan albashi a can, kuma idan kana ƙulla ciniki da sunansa, ana iya cewa ya kafa reshe a ƙasar, a nemi haraji kan ribarsa. Shi ya sa kamfanoni da dama ke ƙin amincewa, ba don mugunta ba.

To, Dubai ko Fotugal? Ta fuskar lambobi tsirara, Dubai ce. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda Dubai ke cikinta, ba ta karɓar haraji a kan albashi. Tun watan Yunin 2023 akwai harajin kamfanoni na kashi 9 cikin ɗari kan ribar da ta wuce dirhami 375,000, kuma yana hawa kan mai sana'ar kansa idan cinikinsa na shekara ya wuce dirhami miliyan ɗaya. Tana ba da takardar shaidar zama ta haraji ga wanda ya yi kwana 183, ko kwana 90 idan yana da izinin zama tare da gida ko aiki a can. Amma abin da gwamnati ba ta karɓa ba, kai za ka saya da kanka: makarantar yara ta kuɗi ce, inshorar lafiya dole ce, babu fanshon gwamnati ga baƙo, kuma zama ɗan ƙasa abu ne da ba kasafai ake samu ba. Zamanka yana rataye da biza har kullum. Ga mai yara uku, kuɗin makaranta kaɗai na iya cinye abin da ya tsira da shi.

Fotugal kuwa, labarin da abokanka ke ba ka ya tsufa. Tsarin rangwamen shekara 10 da ta ɓullo da shi a 2009, wanda ya jawo mata dubban baƙi, an rufe shi ga sababbin zuwa daga 2024, aka maye gurbinsa da wani mai ƙunci na masu bincike da wasu sana'o'in ƙirƙira. Wanda bai shiga wannan rukuni ba, harajin kowa zai biya, mai hawa-hawa har kashi 48 cikin ɗari, a kan dukan abin da ya samu a duniya. Abin da yake samu a madadi shi ne asibitin gwamnati, makarantar gwamnati, da damar neman zama na dindindin bayan shekara biyar. Bizar masu aiki ta intanet da ta fara bayarwa a 2022 izinin zama ce kawai, ba ta yafe haraji.

Ina so ka lura da yadda waɗannan rangwame ke gushewa, domin darasi ne ga mai zaɓen wurin zama. Fotugal ta daina ba da izinin zama don sayen gida a watan Oktoban 2023, Sifaniya ta rufe nata tsarin a watan Afrilun 2025. A watan Afrilun 2025 ɗin ne kuma Birtaniya ta soke tsohon tsarinta da ya daɗe yana bai wa baƙi damar barin kuɗinsu a waje ba haraji, ta kawo rangwamen shekara huɗu kacal ga wanda ya yi shekara 10 ba ya zaune a ƙasar. Italiya ta fara da dunƙulallen haraji na yuro 100,000 a shekara ga attajirai a 2017, ta ninka shi zuwa 200,000 a 2024. Tailan ta sauya yadda take lissafa kuɗin da mazauna ke shigowa da shi daga 1 ga Janairun 2024. Har Oman ta kafa dokar fara karɓar kashi 5 cikin ɗari daga masu babban samu a 2028. Duk wanda ya tumɓuke iyalinsa don wani rangwame kaɗai, ya miƙa rayuwarsa ga kasafin kuɗin gwamnatin da ba shi da ƙuri'a a cikinta. Ra'ayina shi ne ka zaɓi inda za ka yarda ka zauna ko da gobe an soke rangwamen.

Shi kuma tunanin nan na yawo daga ƙasa zuwa ƙasa don kada ka zama mazaunin ko'ina, ban taɓa ba wa mai iyali shawararsa ba. Tsohuwar ƙasarka za ta fi saurin cewa ba ka taɓa fita ba idan ba ka iya nuna inda ka koma. Ba ka da kariyar kowace yarjejeniya, tun da mazauna kawai take karewa. Banki kuma zai tambaye ka ƙasar da kake biyan haraji da lambarka ta can, domin tun 2017 ƙasashe ke musayar bayanan asusu kai tsaye a ƙarƙashin tsarin CRS, kuma yanzu sun haura 100. Amurka tana da nata tsarin, FATCA, tun 2010. Sunanka, adireshinka da abin da ke asusun a ƙarshen shekara suna tafiya ba tare da an tuntuɓe ka ba. A yankin Schengen ma, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, baƙo kwana 90 kawai yake da shi cikin kowane kwana 180, kuma bizar yawon buɗe ido ba ta aiki ba ce.

Fita ma tana da nata kuɗin. Kanada tana ɗauka ka sayar da yawancin kadarorinka ranar da ka bar ta, ta nemi haraji kan ribar da ba ka taɓa ba tukuna. Jamus tana yin haka ga mai kashi 1 cikin ɗari ko fiye na hannun jarin kamfani. Birtaniya ba ta yin haka, amma idan ka sayar da kadarar da kake da ita tun kafin ka tafi, sannan ka dawo cikin shekara biyar, ribar tana jiran ka a shekarar dawowarka. Ka kuma duba fanshonka, abin da matasa ke mantawa. A Birtaniya sai mai shekara 10 na gudummawa ke samun wani abu, cikakken kuwa sai 35, kuma wanda ya yi ritaya a Kanada ko Ostireliya ba a yi masa ƙarin shekara-shekara.

Da ni ne kai, zan yi lissafin shekarar farko a kan cewa har yanzu tsohuwar ƙasa ce ke da ni, sai in ƙwararre ya nuna mini a rubuce cewa na cika sharaɗin fita. Idan ba gaggawa, zan jinkirta tafiyar mu tashi tare da iyali, a saki gidan ko a ba da shi haya ta dogon lokaci ga wanda ba ɗan'uwa ba, a sanar da hukumar haraji da fom ɗin da ta tanada, a sauya adireshi a banki. Wasu ƙasashe suna raba shekarar gida biyu daga ranar tashi, wasu kuma dukan shekarar suke lissafawa, don haka ranar da ka zaɓa tana da kuɗi a kanta. Ka buɗe littafi tun daga ranar farko kana rubuta inda ka kwana da inda ka yi aiki, ka adana tikitin jirgi, takardar haya da rasiɗin wuta, domin idan gardama ta taso bayan shekara uku, kai za a nema da hujja.

Akantan da za ka fara gani shi ne na ƙasar da kake bari, ba na wadda za ka je ba, kuma ka gan shi kafin ka sayar da hannun jari ko ka sa hannu a takardar haya a can. Ka tafi masa da fasfonka, takardar aikinka, jerin kadarorinka da kalandar makarantar yara. Ka tambaye shi kai tsaye: da iyalina suna nan, kwana nawa zan iya yi a ƙasar nan a shekarar farko, kuma a cikinsu kwana nawa zan iya buɗe kwamfuta in yi aiki?